Fiffiken allon ruwa a kogin Isa

Tun da baƙi da yawa suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka bar Yamai a 2023, kayan da suka sayar suke ta yawo daga hannu zuwa hannu. Firji, kekuna, tantuna, har da allunan ruwa: waɗanda ake hura wa iska a tsaya a kai ana tuƙi da filafili, da kuma jefi-jefi irin na hawan igiyar teku, wanda mai shi ya ajiye a nan don tafiya Dakar idan ya samu hutu. Samarinmu sun saya, kuma na ji daɗin haka, don kogin nan na Isa, wato kogin Neja, namu ne. Abin da ke damuna shi ne yawancin allunan da ke isowa shagona ba su da fiffike, wato ɗan faifan nan da ake ɗaurawa a ƙarƙashin wutsiyar allo. Ko dai ya ɓace tun a hannun mai sayarwa, ko an ɗaura shi ba daidai ba ya faɗa ruwa, ko kuma an tilasta shi har gurbinsa ya tsage. Daga nan zuwa bakin teku a Kotonu sama da kilomita 1000 ne, kuma fiffike ba kayan da za ka tsinta a kan tebur a kasuwar Katako ba ne. Wanda ke hannunka shi za ka riƙe da kyau.

Sana'ata aikin fiba. Bompar mota da ta fashe, tankin ruwa mai yoyo, murfin babur, su nake ɗinkewa da rezin. A Dakar na koya, a unguwar Yof, wurin wani dattijo ɗan ƙabilar Lebu da ya fara da gyaran kwale-kwalen masunta, daga baya masu hawan igiya na Ngor da Wakam suka riƙa kawo masa allunansu. Aikin farko da yake ba duk sabon yaro shi ne wanke guraben fikafikai da tsohon buroshin haƙori. Sai ka daɗe a kan wannan kafin ya bar ka ka taɓa rezin. Dalilinsa shi ne duk wanda ya wanke gurbi ya ga abin da ke fitowa daga ciki, ba zai ƙara cusa fiffike da ƙarfi ba.

Amfanin fiffike a jiki ake jin sa. Ka hau allo babu shi, ka tuƙa ta dama sau biyu, kan allon ya tafi hagu, wutsiyar ta zame, sai ya riƙa juyi da kai kamar ƙwarya a kan ruwa. Fiffiken da ke ƙarƙashin wutsiya shi ke hana ta zamewa gefe, ƙarfin tuƙinka ya koma tafiya gaba. Mutanen Hawai da suka gaji wannan wasa daga kakanninsu da ƙafa suke sarrafa allo, su saka ta cikin ruwa su ja. A 1935 ne wani Ba'amurke, Tom Blake, ya ciro ɗan ƙarfen ƙasan wani tsohon jirgin gudu ya ɗaura wa allonsa a can Hawai. A 1980 kuma Simon Anderson na Ostireliya ya jera fikafikai uku masu girma ɗaya, biyu a gefe ɗaya a baya, ya ci gasar Bells Beach da su a 1981, kuma har gobe irin wannan jeri ya fi yawa a teku. A lokacin yawanci liƙe su ake yi da rezin, su zama jiki ɗaya da allon. Na ga tsofaffin alluna irin waɗannan a shagon maigidana. Suna da ƙarfi a ruwa, amma da an saka su a jirgin sama ko a saman mota, abin da ke fara karyewa fiffiken ne, kuma idan ya tafi da fatar allon yake tafiya. Wannan wahalar ce ta haifi fiffiken da ake cirewa.

Kafin ka sayi komai ko ka ba wani saƙo, kifa allonka ka duba irin gurbin da ke jikinsa, don ba kowane fiffike ke shiga kowane gurbi ba.

A kan allunan teku iri uku suka fi yawa, ana kiran su da sunan kamfanonin da ke yin su. Akwai tsohon FCS, ƙirar Ostireliya ta shekarun 1990: fiffiken na da ƴan ƙafafu biyu, kowace da raminta, kowace da ɗan bis marar kai da ke shiga a karkace ya danne ta. Akwai Futures, na Kaliforniya, wanda ya fito a 1996: gindinsa dogo ne guda ɗaya, da ɗan tsagi a baya. Bayan ake fara sakawa, tsagin ya kama, sannan a kwantar da gaban a ɗaure bis ɗaya tak. Sai FCS II na 2013, wanda ba ya buƙatar lakile. Shi kuma gaban ake fara sakawa, a danna bayan da tafin hannu har a ji ƙas. Tsohon fiffiken FCS yana zama a gurbin FCS II idan aka ɗaure shi da bis, amma Futures da FCS ba sa haɗa hanya ko kaɗan. Idan allon mai fikafikai uku ne, kada ka ɗauka duk ɗaya suke. Shafa su da yatsa. Na tsakiya yana da tudu ta fuska biyu. Na gefe yawanci fuska ɗaya a shafe take, ɗayar da tudu, kuma shafaffiyar ita ke kallon ciki, wato tsakiyar allon. Aka musanya na dama da na hagu, allon zai riƙa jan jiki, mai shi ya yi ta zargin ƙafarsa.

Mu nan dai allunan iska suka fi yawa, kuma guraben da ke jikinsu iri biyu ne. Ɗaya na zurawa: fiffiken ya bi layi ya shige, a soke ɗan makullin roba da ke rataye da zare. Wannan ba shi da wuya, sai dai zaren nan kada ka yarda ya tsinke, don makullin ƙarami ne, in ya faɗi a rairayi ya tafi ke nan. Ɗayan kuma dogon gurbi ne mai hanya a ciki, wanda ake kira gurbin Amurka, an san shi tun ƙarshen shekarun 1960. A nan ne na fi ganin ɓarna, don haka bari in yi shi dalla-dalla.

Ka fara hura allon ya cika, don sai ya yi tauri gurbin ke miƙewa. Ka kifa shi a kan tabarma, ba a kan tsakuwa ba. Za ka ga a tsakiyar gurbin akwai wata ƴar faɗaɗɗiyar ƙofa. Ta nan za ka fara zura ɗan ƙarfen nan mai kusurwa huɗu, mai rami a tsakiya, ka kwantar da shi cikin hanyar, ka tura shi gaba da bakin turnabis. Sannan ka ɗauki fiffiken. A ƙarshen gindinsa akwai ɗan ƙarfe da ya ratsa ya fito ta gefe biyu. Shi za ka saka ta wannan ƙofar, ka ja shi baya cikin hanyar, ka kwantar da ɗaya ƙarshen har ramin bis ɗinsa ya hau daidai kan ramin ɗan ƙarfen da ka tura da farko. Leƙa ta ramin, in ba su daidaita ba ka gyara da tsinke. Bis ɗin ka fara murza shi da yatsa. Idan ya ƙi tafiya da yatsa, bai hau haƙoransa ba ne, ka warware ka sake. Lanƙwasar fiffiken kuwa wutsiyar allo take kallo. Sau da yawa an kawo mini allo an ɗaura shi yana kallon gaba, mai shi na kukan ciyawa da leda suna maƙale masa.

Dogon gurbin nan an yi shi da tsawo ne don ka zaɓi mazaunin fiffiken. Ka ja shi can baya, allon zai tafi sak, ya dace da mai son tsallaka kogi daga Gudel zuwa Harobanda. Ka turo shi gaba, allon zai yi saurin juyawa. Sabon shiga ya bar shi a baya.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurin ɗauri. Mu mutanen gareji da shago hannunmu ya saba da ɗaure noti har sai ya yi kuka. Gurbin fiffike roba ne, haƙoran da bis ke bi a jikin FCS da Futures a cikin robar aka yanka su. Ka murza da yatsu biyu har ka ji ya taɓa, ka ƙara ɗan kaɗan, ka tsaya. Kama fiffiken ka girgiza. In bai motsa ba, aiki ya ƙare. In yana motsi gefe da gefe, ƙarin ɗauri ba zai warkar da shi ba, gindin ne ya yi wa gurbin kaɗan, sai a liƙa masa salatif falle ɗaya ko biyu ya cika. In kuma ya ƙi shiga, ka goge gindin fiffiken da samfefa a hankali, kana gwadawa. Gurbin ba a goge shi, guduma kuma ba ta da aiki a nan.

Ga wani abu da ya kamata duk mai irin wannan allo a ƙasar nan ya sani. Lakilen ƴan bis ɗin FCS da Futures mai kusurwa shida ne, kuma da ma'aunin inci aka yi shi, 3/32, wato kusan milimita 2.4. Lakilen da ke kasuwanninmu na milimita ne. Mai lamba 2 ya yi kaɗan, zai shiga amma yana juyi a ciki yana cinye kusurwoyin bis ɗin. Mai lamba 2.5 ya ɗan yi yawa, sai an tilasta shi. Daga ranar da cikin bis ya zama da'ira, fitar da shi ya koma aikin tiyata, wani lokaci sai na huda. In lakilen asali ya ɓace, ka ɗauki mai 2.5 ka goge kowace fuska tasa kaɗan-kaɗan a kan dutsen wasa wuƙa har ya zauna cif. Kafin ka saka lakile kuma, ka tone cikin kan bis ɗin da allura, don yashin da ya cika shi ne ke hana lakile kaiwa ƙasa.

A Dakar gishiri ne abokin gaba. Ya bushe cikin haƙoran bis, ya kama shi gam, shi ya sa kowa ke ɗauraye allonsa da ruwan famfo bayan ya fito. Mu ba mu da gishiri, sai wasu suka ɗauka ba sai an wanke ba. Kogin Isa yana da nasa. A watannin Agusta da Satumba, lokacin da ruwan damina ya kwaso ƙasa ta Sirba da sauran rafukan da ke gangarowa daga wajen Burkina, kogin jawur yake zama, laka ce zalla mai laushi. Tana shiga kowace kafa ta gurbi, ta bushe ta yi tauri, fiffike ya kafe. Daga baya ruwan da ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya yi ta jinkiri a fadamun Mali, sai ya iso mana cikin sanyi, kogi ya cika wajen Janairu. Wannan ne lokacin da na fi so, ruwa da zurfi, dogon fiffike mai santimita 20 ko fiye yana aikinsa ba fargaba. Amma daga Afrilu zuwa Yuni ruwa ya janye, tsibiran yashi su fito, duwatsu su matso kusa da sama. Duk wanda ya shiga da dogon fiffike a lokacin, ko dai ya daki dutse allon ya tsaya cak shi ya wuce gaba da fuska, ko ya yi ta jan gindi a yashi. A wannan lokaci gajere ake so, santimita 10 ko ƙasa da haka, kuma na roba mai lanƙwasa in an samu.

Saboda haka ni duk fitowa daga ruwa cire fiffike nake yi. Bido ɗaya na ruwa mai kyau, tsohon buroshin haƙori, a wanke gurbin har lungunansa, a wanke gindin fiffiken, a bar su su sha iska. Bis da ɗan ƙarfensa a murza su tare a jefa a gwangwanin da ke da murfi, da lakilen. Idan bakin fiffiken ya yi zazzaɓe saboda dutse, a shafe shi da samfefa mai laushi, a ɗan dakusar da kaifin. Fiffike mai kaifi yana yanka ƙafa sosai, na ga raunukan da ya yi wa mutane a Yof.

Kwanakin baya wani saurayi ya shigo shagona da allon iska a naɗe a kafaɗa, fuskarsa ba walwala. Ya gaishe ni ya ce, "Baba, don Allah duba mini, iska yake fitarwa ta baya." Da muka warware sai na ga gurbin ya ɗago daga jikin allon, ya yage fatar da ke ƙarƙashinsa kusan tsawon tafin hannu. Na ce, "Ɗana, ina fiffiken?" Ya zaro shi daga jaka. Na alminiyam ne, an zuba shi da kyau, an goge yana ƙyalli. Nasa na asali ya ɓace, sai ya ari na abokinsa ya kai wa masu zuba tukwane suka fitar masa da irinsa. Na juya shi a hannu, wallahi aikin ya yi kyau, maƙeran garin nan ba abin da ba za su fitar maka ba in ka kai musu samfuri. Na ce masa, "Wanda ya zuba maka wannan ya iya aikinsa. Amma da ka daki dutse, wani abu dole ya ba da kai, shi kuwa ƙarfe ba zai ba da kai ba, sai allon ya biya." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Baba, yanzu yaya za a yi?" Mun liƙe shi, ya koma ruwa, amma na gaya masa gaskiya cewa wurin ba zai koma kamar da ba, kuma kada ya ƙara yin nisa da gaɓa a kansa.

Wannan shi ne abin da nake so kowa ya riƙe. Tsakanin fiffike da gurbi, fiffiken ne ya kamata ya karye. Shi ana sake shi, gurbi kuwa a jikin allo yake. Canja gurbi a allon teku sai an yanke fiba, an rarake kumfan ciki, an zuba rezin, kuma ko a nan akwai tarko: alluna da yawa na yanzu cikinsu farin kumfa ne irin wanda ake tallafe firji da shi a kwali, kuma rezin ɗin da muke gyaran bompa da shi narkar da wannan kumfa yake yi nan take. Sai wani irin rezin daban da ake kira epoksi. Duk mai gyaran da bai tambaye ka irin kumfan allonka ba kafin ya buɗe gwangwani, ɗauki kayanka ka yi gaba.

In fiffikenka ya ɓace kuma ba mai zuwa daga bakin teku, abin da nake yi wa mutane shi ne in yanka shi daga farin faranti na roba mai kauri, irin wanda ake yanka nama a kai. A zana siffar a kwali, a yanka da zarto, a goge gaban ya yi tudu, bayan ya yi siriri, a rage kaurin gindin har ya zauna a gurbi, a huda a soka ɗan guntun ƙarfen da ba ya tsatsa. Ba zai kai na kamfani ba, mai hawan igiya a Ngor ba zai karɓe shi ba. Amma a kogi yana riƙe wutsiya, in ya daki dutse ya lanƙwashe ko ya karye, allonka lafiya lau.

Zafin Yamai ma yana da nasa rabon a ɓarnar. A watan Afrilu da Mayu ana wuce digiri 40 a inuwa. Allon iska da aka hura da safe zuwa kusan bar 1 a ma'aunin famfon iska, aka bar shi kan yashi da tsakar rana, iskar ciki kumbura take yi, gam ɗin da ke riƙe ɗinki da gurbi kuma ya yi laushi. In za ka huta, ka ja shi inuwa ka rage masa iska. Kada a bar shi a cikin rufaffiyar mota. Wurin naɗewa, ka fara daga kai ka ƙare a wutsiya, gurbin ya kwanta a miƙe a waje, kada ninki ya bi ta kansa. Gurbin da ya kwana watanni a lanƙwashe cikin ɗaki mai zafi bakinsa matsewa yake yi. In haka ta faru, ka hura allon, ka zuba wa gurbin ruwan ɗumi, ka zura fiffiken a hankali ka bar shi ciki ya huce.

Akwai abin da ya fi allon muhimmanci, ba zan wuce ban faɗa ba. Kogin nan wurin neman abincin mutane ne tun kafin a haife mu. Masunta suna shimfiɗa taru da mamari, kuma fiffike ƙugiya ce a ƙarƙashin ruwa, yana kama su. Ka yaga wa mutum taru, ka taɓa tuwon gidansa. Kafin ka shiga, ka je ka gaida dattijon da ke bakin gaɓa, ka ce, "Baba, ina aka saka kaya yau, ta ina zan bi?" Shi ne kuma zai gaya maka inda aka ga dorina, wadda ba a wasa da ita ko a cikin babban kwale-kwale, balle a kan allo. Igiyar nan da ake ɗaurawa a idon ƙafa, a teku tana ceton rai, amma a ruwa mai gudu in ta sarƙe da reshe ko taru, ruwan zai danne ka ƙasa, hannunka ba zai kai ƙafarka ba. A kogi a ƙugu ake ɗaura ta, da maɓallin da ja ɗaya ke kwance shi, kuma rigar iyo a jiki ko ka iya ruwa.

In ka ji wani naka zai dawo daga Dakar, saƙon da za ka ba shi ba mai nauyi ba ne. Ka ɗauki hoton gurbin allonka da waya ka tura masa, ya nuna a shagon. Ya sayo gajeren fiffike ɗaya na roba, lakile biyu, da bis fiye da yadda kake buƙata, kowane da ɗan ƙarfensa in gurbin Amurka ne, don haƙoransu tare aka yanka su. Idan kuma dole ta sa ka nemi bis a Katako, ka tafi da maganaɗisu a aljihu. Wanda ya manne masa da ƙarfi baƙin ƙarfe ne, damina ɗaya zai yi tsatsa ya kafe a ciki. Ka zaɓi wanda da ƙyar yake kama shi, ka gwada shi a cikin ɗan ƙarfen da yatsa tun a gaban mai tebur kafin ka biya.